Sandar Fansa: Darasin Tsatsa A Cikin Tankin Ruwan Zafi

Duk wanda ya taɓa shiga banɗakin babban asibiti, ko na otal, ko na gidajen manyan ma'aikata, ba zai rasa ganin wani farin tanki a maƙale jikin bango ba, da bututu biyu a ƙarƙashinsa, ɗaya yana shigar da ruwan sanyi, ɗaya yana fitar da na zafi. Shi ne ake kira hita. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Amurka da Kanada, tankin ya fi haka girma. A tsaye yake a ƙasa, tsawonsa ya kusa na mutum, yana cin lita 150 zuwa 300, kuma yawancin gidaje suna da shi.

Jikin wannan tanki ƙarfe ne, cikinsa kuwa dare da rana cike yake da ruwa mai zafi, wanda iska ta narke a ciki. Ƙarfe da ruwa da iska, ga kuma zafi, babu abin da tsatsa ke bukata da ya wuce waɗannan. Ƙusar da aka bari a tsakar gida da damina kwana kaɗan take yi ta yi ja. To, yaya aka yi tanki ke shekara goma ko fiye bai huje ba? Asirin yana ga wata sanda da aka ɓoye a cikinsa, wadda yawancin masu tankin ba su ma san da ita ba. Masana na kiranta sandar anod. Da Hausa sunan da ya fi dacewa da ita shi ne sandar fansa, domin aikinta shi ne ta lalace a madadin tanki. Idan ta ƙare sai a sauya ta, kuma a wurin sauyawar ne mai gyara kan ci karo da wata matsala da ake rainawa: tsatsa ta cika haƙoran ramin da za a ɗaura sabuwa.

Mece Ce Tsatsa?

Tsatsa ba datti ba ce da ke zuwa daga waje ta manne wa ƙarfe. Ƙarfen ne da kansa ya sauya kama. A cikin ƙasa ba a cika samun baƙin ƙarfe tsantsa ba, a haɗe yake da iskar oksijin cikin dutsen da ake kira tama. Maƙeran da can sukan zuba tama da gawayi a wuta su yi ta zuga, har gawayin ya ƙwace oksijin ya bar ƙarfe. Manyan masana'antu na yau ma hikimar ke nan, sai dai girman tanderu. Tun daga ranar da aka raba ƙarfe da oksijin yake neman hanyar komawa, kuma tsatsa ita ce komawar ƙarfe tama.

Ga yadda abin ke gudana. A wani gurbi a jikin ƙarfen da ya jiƙe, kowace ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe takan saki ilektaron biyu, ita kuma ta narke cikin ruwa a matsayin ayon. Wannan gurbi shi ne anod, watau wurin da ake asara. Ilektaron ɗin da aka saki ba sa shiga ruwa. Cikin ƙarfe suke bi, kamar yadda wutar lantarki ke bin waya, har su isa wani gurbin inda oksijin da ruwa ke karɓarsu. Wannan gurbi na biyu shi ne katod, kuma shi ba ya cinyewa. Daga nan ayon ɗin ƙarfe ya haɗu da abin da aka samar a katod, ƙarin oksijin ya shigo, sai a sami jan garin nan da kowa ya sani.

Ke nan abubuwa huɗu ne sai sun haɗu: anod, da katod, da ruwa mai ɗan gishiri a narke wanda ayon za su bi, da kuma hanyar ƙarfe wadda ilektaron za su bi. In aka yanke ɗaya, aikin ya tsaya. Yana da kyau mai karatu ya riƙe abu na huɗun nan, domin a kansa zancen haƙora zai ginu.

Tsatsa tana da halaye uku da suka sa ta zama masifa. Tana kumbura, ta ci wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, wani lokaci har ninki shida. Shi ya sa notin da ya yi tsatsa ke ƙin kwancewa, shi ya sa kuma rodi ke fasa kankare daga ciki. Sa'an nan burtsatsa take, tana shan ruwa kamar soso, ba ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Na uku, ba ta ɗaukar wutar lantarki sosai.

Masu ƙera tanki sukan shafe cikinsa da wani irin gilashi da ake gasawa a zafin da ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, irin wanda ke jikin kwanon samira da langa. Amma kowace uwargida ta san abin da ke faruwa da langa idan ta faɗi ta ɓantare: a daidai wurin nan tsatsa za ta kama, har wata rana ta huje. Cikin tanki ma ba a rasa 'yan ƙananan kafofi da ido ba ya gani, musamman a bakin walda da bakin ramukan bututu. Ga shi kuma kullum tanki yana buɗewa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce, gilashin yana ƙara tsattsagewa. Saboda waɗannan kafofi aka sa sandar fansa.

Ƙarfen Da Ya Fi Saurin Kyauta

Ƙarafa ba ɗaya suke ba wajen sakin ilektaron. Masana sun auna su sun jera. A ma'aunin bolt, maganiziyam yana da −2.37, alminiyam −1.66, tutiya −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, jan ƙarfe kuwa +0.34. Wanda lambarsa ta fi yin ƙasa shi ya fi saurin saki. Idan aka haɗa ƙarafa biyu jiki da jiki aka tsoma su a ruwa guda, mai saurin sakin shi zai zama anod ya yi ta narkewa, ɗayan kuwa ya zama katod ya tsira. A haɗa baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, baƙin ƙarfe ne zai sha wuya. A haɗa shi da maganiziyam, sai maganiziyam ya riƙa tura masa ilektaron, har ya zama ba shi da dalilin sakin nasa. Kwanon rufi ma da wannan hikima yake daɗewa: tutiya ce aka lulluɓe shi da ita, ko an ƙarce shi, tutiyar da ke gefen ƙarcen ita za ta fara lalacewa.

Sandar fansa maganiziyam ce, ko alminiyam, ko alminiyam da aka gauraya da tutiya kaɗan, an zuba a jikin wata siririyar wayar ƙarfe da ke tsakiya tana riƙe da shi.

Wannan dabara ta girmi tankin ruwan zafi nesa ba kusa ba. A farkon ƙarni na 19 jiragen ruwan yaƙin Ingila na katako ne, ana lulluɓe gindinsu da fallayen jan ƙarfe saboda wata halitta mai huda katako. Ma'aikatan jirgi suna ce mata tsutsa, alhali ba tsutsa ba ce, dangin ƙumba ce da dodon-koɗi. Ruwan teku kuwa sai ya riƙa cinye jan ƙarfen. Hukumar sojan ruwa ta kai kuka ga masanin kimiyya Humphry Davy, shi kuma a shekarar 1824 ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ɗan guntun tutiya ko na baƙin ƙarfe, idan aka manna shi jikin fallen, ya isa ya kare babban fili na jan ƙarfe. An gwada a jikin wani jirgi mai suna Samarang, jan ƙarfe ya tsira kamar yadda ya ce.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Ashe jan ƙarfen nan da ke narkewa kaɗan-kaɗan guba ne ga ciyayin teku da ƙananan halittu masu manne wa jirgi. Da aka hana shi narkewa, sai suka sami wurin zama, suka taru a gindin jirage har gudu ya ragu. Ba da jimawa ba hukumar ta yi watsi da dabarar. Lissafin Davy na kimiyyar sinadarai daidai ne, kimiyyar halittu ce bai sa a lissafi ba, kuma za a ga irin wannan ya sake faruwa a cikin tanki nan gaba kaɗan. Mataimakinsa Michael Faraday shi ne daga baya, a 1834, ya fitar da ƙa'idojin da ake lissafa yawan ƙarfen da wutar lantarki ke narkarwa da su. A yau ana kare jiragen ƙarfe da bututun mai na ƙarƙashin ƙasa da wannan hanya.

Aiki Biyu Na Haƙora

Abin da ake nufi da haƙora a nan shi ne tsagin nan mai nannaɗewa da ke jikin noti, da abokinsa da ke cikin ramin da ake murɗa notin. A manyan tankuna irin na Amurka, sandar fansa tana shiga ne ta wani rami a saman tanki. Kanta kamar kan noti yake, mai kusurwa shida, faɗinsa inci ɗaya da ɗaya bisa goma sha shida, watau kimanin milimita 27. Haƙoransa na bututu mai inci uku bisa huɗu ne, guda 14 a kowane inci.

Haƙoran bututu sun bambanta da na noti na yau da kullum, domin a tsuke suke. Kaurinsu yana raguwa da inci ɗaya a kowane inci 16 na tsawo. Saboda haka yayin da ake murɗawa, kan sandar yana ƙara cushewa cikin ramin kamar yadda ake cusa toshiya a bakin gora, har ƙarfe ya matse ƙarfe. Wannan matsi shi ke hana ruwa fita. Aikin haƙora na farko ke nan, kuma kowane mai gyaran famfo ya san shi.

Na biyun ne ba kowa ya sani ba. Ilektaron ɗin da maganiziyam ke saki ba su da wata hanyar isa jikin tanki sai ta wayar tsakiya, zuwa kan sanda, su ƙetara ta haƙora su shiga bangon tanki. Haƙoran nan su ne gada. Idan tsatsa ta shiga tsakani, ko aka cika naɗa abin toshe ruwa har ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba, an karya gadar. Sabuwar sanda za ta rataya cikin ruwa sumul, tanki kuwa yana cinyewa a gefenta, kuma babu wata alama da za a gani daga waje. Ruwa ba ya ɗiga, mai gida yana ganin an yi masa aiki. Sai ranar da ya tashi ya tarar da ruwa ya malale ɗaki.

Ƙananan hitocin bango irin na Turai, waɗanda su aka fi gani a Nijeriya da Nijar, tsarinsu daban ne. Sandarsu gajera ce, sau da yawa ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ana ɗaura ta a jikin faifan da ke riƙe da ƙarfen dumama ruwa, da ƙananan haƙora masu faɗin milimita 5 ko 6 ko 8. A can zoben roba ne ke hana ruwa fita, ba haƙora ba. Amma aikin gada yana nan daram, kuma ƙaramin haƙori ya fi babba saurin toshewa da tsatsa da farar ƙasar da ruwa ke bari. Akwai kuma wasu tankunan da aka raba kan sandarsu da jikin tanki da gangan, aka haɗa su da 'yar waya ta waje. Wanda ya manta bai mayar da wannan waya ba, daidai yake da wanda bai sa sanda ba.

Mai karatu zai iya tambaya: in sandar tana kare tanki duka, don me haƙoran da ke manne da ita suke tsatsa? Dalili shi ne kāriyar ba ta aiki sai inda ruwa ya haɗa sanda da ƙarfe. Haƙora suna can ƙololuwar tanki, inda iska kan taru, ba a shafa musu gilashi ba, kuma saman su yana waje inda raɓa da ɗan tsatstsafin ruwa ke jiƙa shi ya bushe. Cikin matsatsin tsagi kuma ayon ba sa kai da kawowa yadda ya kamata. Idan kuma aka bar sandar ta ƙare sai waya tsirara, to babu mai kare kowa.

Yadda Ake Gyara

Masu ƙera tanki suna ba da shawarar a duba sanda duk bayan shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin ruwan wuri. Ruwan da gishirinsa ya yi yawa, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, ya fi saurin cinye ta. A babban tanki, idan wayar tsakiya ta bayyana kimanin santimita 15, ko sandar ta rame ta koma rabin kaurinta, lokacin sauyawa ya yi.

Kafin a taɓa sifana sai a kashe wutar hita daga babban makunni, ba daga na bango kaɗai ba, in kuma mai gas ce a rufe gas. Wannan ba wurin ganganci ba ne, ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Ko a unguwar an ɗauke wuta, a kashe makunnin, don babu wanda ya san lokacin da za a kawo. A bar ruwa ya huce. A rufe bututun ruwan sanyi, a buɗe famfon ruwan zafi don matsin da ke ciki ya fita. A babban tanki lita kaɗan kawai za a zubar ta ƙasa, yadda ruwa zai sauka daga bakin rami. Sauran a bar shi, nauyinsa ne zai riƙe tankin kada ya juya ya karya bututu sa'ad da ake kokawa da sanda. Ƙaramar hitar bango kuwa sai an juye ta sarai, tunda faifanta a ƙasa yake.

Kwance tsohuwar sanda shi ne wurin gumi. Sifana mai kai kamar kofi, mai kusurwa shida daidai da kan sandar, ita ce ta dace, a ƙara mata tsawo da bututu, wani ya rungume tankin. Sifana mai buɗaɗɗen baki takan zame ta cinye kusurwoyin, daga nan aiki ya zama biyu. Ana iya ɗiga man sassauta noti a waje a jira, amma kaɗan, a kuma goge shi tas kafin a zare sandar. Ruwan wanka da wanke kwanuka ne a ciki, ba wurin mai ba ne.

Da sandar ta fita, a haska ramin da tocila a duba. Abin da ake nema shi ne a bambance tsatsar da ta zauna a kan haƙora da wadda ta cinye su. In tsinin haƙoran yana nan, ko da ja ya rufe su, za su gyaru. Sai a fara da burushin waya, irin ɗan zagayayyen nan da ke shiga cikin bututu, ana juya shi yana bin tsagi. Abin da ya ƙi fita a bi shi da tsinin ƙarfe siriri, tsagi bayan tsagi, da haƙuri. Garin da ya tashi a ɗebe shi da maganaɗisu ko ɗanyen tsumma. Wanda ya faɗa ciki ba abin tashin hankali ba ne, zai kwanta a gindi a wanke shi daga baya. Tsumma dai kada a sake shi ya faɗa, don zai toshe bututu.

Idan tsatsa ta yi tauri, asid mai sauƙi yana narkar da ita. A jiƙa tsumma da binega ko ruwan lemon tsami a cusa a bakin ramin, a bar jelarsa a waje, na tsawon awa ɗaya ko biyu, sa'an nan a sake bi da burushi a ɗauraye. Matan da ke wanke tukwane da kayan tagulla da tsamiya wannan kimiyyar suke yi, domin tsamiya cike take da asid mai suna tatarik. Asid mai ƙarfi irin ruwan batir haramun ne a nan. Zai ci tsatsa ya ci haƙoran, ya kuma gurɓata ruwa. Haka ma magungunan tsatsa da ake sayarwa don jikin mota, ba a yi su don tankin ruwan gida ba.

Saura daidaita tsagi. Akwai wani ƙarfe mai kaifi da ake yanka sababbin haƙora da shi, kuma da yawa daga masu gyara shi suke fara ɗauka. A haƙora masu tsukewa wannan kasada ce. Ƙarfen yana yankar nama ne, ba tsatsa kaɗai ba, kuma duk zagaye ɗaya da ya ƙara nutsewa ramin ya ƙara faɗi. In aka wuce gona da iri, sabuwar sanda za ta shige har wuya ba ta matse ba, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa. Abin da ya fi aminci shi ne a samo guntun bututu sabo mai haƙora iri ɗaya, ko kan tsohuwar sandar in bai lalace ba, a tsaga haƙoransa a tsaye wuri biyu ko uku da zarton ƙarfe. Wannan ya zama mashari: yana bin tsohon tsagi, datti yana taruwa a inda aka tsaga, ba ya cin lafiyayyen ƙarfe. A murɗa shi da hannu tukuna, a ƙara rubu'in zagaye da sifana, a dawo baya, a fitar a goge, a sake. In dole sai an yi amfani da mai kaifin, to da hannu, kuma da an ji ya fara cizo a tsaya.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Haƙoran bututu iri biyu ne suka fi yawa a duniya, na Amurka da na Ingila. Na Amurka kusurwar tsagin digiri 60 ce, na Ingila, wanda ya samo asali daga tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, digiri 55 ce. A bututu mai inci uku bisa huɗu dukansu haƙora 14 ne a inci, don haka ɗaya yakan shiga cikin ɗaya har mutum ya zaci daidai ne. Amma ba sa zama da kyau, kuma tilasta su yana ɓata haƙora. A kasuwar da kaya ke zuwa daga ko'ina, gara a riƙe tsohuwar sanda a je da ita.

Kafin a ɗaura sabuwa akan naɗa wa haƙoranta farin zaren nan mai santsi na masu famfo, wanda aka yi da sinadarin da Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938, aka fi sani da Teflon. Ba ya ɗaukar lantarki ko kaɗan, amma zagaye biyu zuwa uku ba sa hana komai, domin tsinin haƙora yana yanka shi ya taɓa ƙarfe. Naɗi goma ne ke jawo matsala, irin wanda akan yi don a ɓoye haƙoran da ba a wanke ba. A naɗa shi ta fuskar da za a murɗa, don kada ya warware. A fara ɗaurawa da hannu kawai. In sandar ta cije tun zagayen farko, ta hau karkace ne, a fitar a sake, kada a sa sifana. Bayan an matse, a ɗauko mitar masu gyaran rediyo, a ɗora tsinke ɗaya a kan sanda, ɗaya a ƙarfen tanki inda babu fenti. In ta nuna kusan sifiri, gada ta haɗu. Wannan gwaji bai kai minti ɗaya ba, amma ba kasafai ake yin sa ba.

Daga nan a wanke gindin tanki ta bututun ƙasa, a cika shi, a bar famfon ruwan zafi a buɗe har iska ta gama fita ruwa ya zubo sosai, sa'an nan a kunna wuta. Ƙarfen dumamawa in ya sami wuta babu ruwa, nan take yake ƙonewa. Washegari a sake shafa bakin ramin da busasshen yatsa.

Idan kuwa haƙoran sun cinye har sun zama kamar dasashi, ko tsatsa ta zagaye bakin ramin tana ɓarewa, magana ta ƙare. Walda za ta farfasa gilashin ciki, ta buɗe wa tsatsa sabuwar ƙofa. Wasu manyan tankuna suna karɓar wata irin sanda da ake sawa ta bututun fitar ruwan zafi, sai a toshe tsohon ramin in zai toshu. In ba haka ba, sai sabon tanki.

Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai

Wani lokaci bayan an sa sabuwar sandar maganiziyam, sai ruwan zafi ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na sanyi kuwa lafiya lau. A nan ne halittu suka sake shigowa lissafi. Akwai wasu bakteriya, irin su Desulfovibrio, waɗanda masanin Holand Martinus Beijerinck ya fara bayyana irinsu a 1895. Ba sa numfashi da oksijin. Gishirin salfet da ke cikin ruwa shi suke amfani da shi a madadinsa, su fitar da iska mai ɗauke da farar wuta, mai wannan wari. Irinsu ne ke sa baƙin taɓon kududdufi wari in an tona. Maganiziyam, saboda ƙarfin turinsa, yana sa a sami iskar haidurojin a cikin tanki, ita kuwa abinci ce a wurinsu.

Abin da wasu ke yi shi ne su zare sandar su toshe ramin. Wari yakan tafi, amma an sayar da tanki don a sayi iska. Hanyar da ta dace ita ce a wanke tankin da ruwan kulorin a ɗauraye, a sauya zuwa sandar alminiyam mai tutiya, ko kuma sandar titaniyam wadda ba ta narkewa, ƙaramar na'ura ce ke ba ta wuta daga waje. Riƙe ruwa a digiri 60 yana taimakawa, yana kuma kashe bakteriyar Legionella mai kawo ciwon huhu, wadda aka gano bayan annobar da ta auku a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Ita a ruwa mai ɗumi-ɗumi take yaɗo, tsakanin digiri 20 da 45. Sai dai ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi, dole a surka. Haidurojin kuma yana kama wuta: hitar da ta yi mako biyu ko fiye ba a yi amfani da ita ba, a buɗe famfonta na 'yan mintoci, babu taba, babu ashana a kusa.

Gwaji Da Lissafi Don Aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kwalabe huɗu, da ƙusoshi huɗu marasa rufin tutiya waɗanda aka goge da sanfefa, da ruwan gishiri. Tutiya tana samuwa a kwanson tsohon batirin tocila na gargajiya, amma malami ne zai fasa ya wanke, kuma kada a taɓa batirin waya ko wani mai caji. In ɗakin gwaji yana da zirin maganiziyam, ya fi. Ƙusa ta farko a sa ta ita kaɗai. Ta biyu a naɗe ta da jan ƙarfen wayar lantarki. Ta uku a matse mata tutiya jiki da jiki. Ta huɗu a naɗa mata leda a tsakiya tukuna, sa'an nan a ɗora tutiyar a kan ledar yadda ba za su taɓa juna ba. A bar bakin kwalaben a buɗe, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani kullum har mako guda. Ta biyu za ta riga kowa yin ja. Ta uku za ta zauna fes, tutiyarta tana yin fari-fari. Ta huɗu, duk da tutiyar da ke rungume da ita, za ta bi sahun ta farko. Ita ce tankin da aka ɗaura wa sabuwar sanda a kan tsatsa.

'Yan aji biyar da shida kuma ga lissafi. Giram 24.3 na maganiziyam yana sakin ilektaron da cajinsu ya kai kulom 96,485 sau biyu, watau 192,970. In aka raba da daƙiƙa 3,600 da ke cikin awa, za a sami amfiya 53.6 na tsawon awa guda, ke nan kimanin 2.2 ga kowane giram. A ɗauka tanki yana jan amfiya 0.01 daga sandarsa ba dare ba rana. Shekara tana da awa 8,760, don haka ana bukatar 87.6, wanda ya yi daidai da giram 40 na maganiziyam. A zahiri kusan rabin maganiziyam yana narkewa ne a banza ba tare da ya amfani tanki ba, saboda haka sai a ninka, ya zama giram 80 a shekara. Sanda mai giram 300 za ta yi shekara uku da wata tara. Sai ɗalibai su sake lissafin ga tankin da gilashinsa ya tsattsage, ruwansa kuma mai gishiri ne, har yana jan amfiya 0.025.